Awon Ludayi

Shekara talatin ina awo a kasuwar Gujungu,
ban taɓa tauye tiya ba,
in cika ta har ta yi tozo,
in bi da gyara cikin tafin hannu.
Yau ga ni a gindin darbejiya,
Tabawa tana auna mini tuwo da ludayin koko,
ta shafe bakinsa da yatsa.
Babu tozo, babu gyara.

Kiyashi ne suka fara tona asirin.
A bayan ɗaki, inda nake tsugunawa sau biyar kafin asuba,
da safe sai in gan su sun yi layi
kamar masu jiran rabon taki.
Randa ta daina kwana da ruwa.

A asibitin Ringim, Malam Sabi'u ya soki yatsana,
ɗigon jini, ɗan akwati ya ƙyafta: sha bakwai.
Ya dubi lamba, ya dubi tumbina.
Ya ce, "Baba Ɗanlami, ka san yadda kacalla ke shaƙe kogi?
Haka kitse ya yi wa hantarka.
Sati goma sha biyu za mu janye wa ciki akushi.
Duk Talata ka zo in gan ka,
ƙwayar ma zan rage ta,
kada ka yi gaban kanka."

Ni na san yunwa.
Shekarar da gero ya ƙone a tsaye,
muna yara muka tona gidan tururuwa neman tsaba.
Waccan ba ta yi sallama ba.
Wannan kuwa ni na je na gayyato ta,
na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida,
ga rumbu cike yana kallonmu.

Da safe ƙwai guda da ruwan bunu, ba sukari.
Da rana zogale, ƙulin kamar an yi rantsuwa.
Da dare miya ta fi tuwo yawa,
loma uku, in lashe yatsa, in zauna ina sauraren
tsaba na dahuwa a gidan maƙwabta.
Dije mai fura ta tsaya inda ta saba tsayawa,
na juya fuska ga katanga
kamar wanda take bi bashi.

Sati na uku jiri ya kwashe ni a bakin turke,
gumi mai sanyi, hannu na rawa.
Tabawa ta cusa mini dabino biyu,
ta kira Malam Sabi'u tana faɗa da waya.
Washegari ya sake rage ƙwaya.

Gari kuwa ya samu abin taunawa.
Barau mai tireda ya ce jari ne ya karye.
Wata ta ce sammu.
Surukina ya aiko da buhun shinkafa cikin dare
don kada in ji kunya.
Na yi godiya. Yana nan a jingine, jikoki na ci.

Tazuge ya ƙaru da taƙi guda.
Na sunkuya na ɗaure akuya ban yi nishi ba,
na kwana har kiran assalatu bai same ni a waje ba.
Talata ta sha ɗaya akwatin ya ce bakwai.
Na ce, "Na warke?"
Ya ce, "Barci ya yi.
Mai barci kuwa, ƙarar akushi tana tashinsa."

Jiya na ga Tabawa ta waiga,
ta ɗora ɗan tozo a kan ludayi, tausayi ya ci ta.
Ban ce komai ba.
Na gutsure shi na miƙa wa Ɗan'azumi,
ya haɗiye, ya sake buɗe baki.